Tambaya da Amsa: Daga Ina Kifin Ado Ya Samo Launinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana sayar da ƙananan kifaye cikin kwalabe, wasu jajaye masu wutsiya biyu, wasu kore shar suna ƙyalli in an haska musu fitila. Wani ya ce mini duka fenti ne, wani ya ce allurar Turawa ce. Ina gaskiyar take? (Mai karatu daga Bukoki, Yamai)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu ya kama wani gefe, sai dai sun zuba abubuwa daban-daban a kwando ɗaya.

Jan kifin nan mai wutsiya biyu, wanda ake kira kifin zinariya, babu allurar da ta taɓa shi. Aikin zaɓen iri ne, irin wanda ake yi wa shanun Azawak a tashar kiwo ta Tukunus ko jar akuyar Maradi: a ware mai siffar da ake so, a haɗa shi da irinsa, a sake warewa cikin 'ya'yan. Kakan wannan kifi mai launin toka ne, ana kama shi don miya a ƙasar Sin. Jefi-jefi sai a samu ɗaya ja ko rawaya a cikin dubbai. A zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, aka zauna sosai ga kiwon masu launin a tafkuna. Babban sauyin ya zo a zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, da aka koma ajiye su cikin manyan tukwanen tangaran. A tukunya mai kiwo yana ganin kowane kifi, shi ke zaɓar wanda zai haɗu da wani, kuma kifin da ba ya iya gudu babu mai cinye shi. Nan ne wutsiya biyu da dunƙulallen jiki suka samu wurin zama. Turai ba ta san shi ba sai ƙarni na 17.

Wannan kyau yana da kuɗinsa. Kifi yana da jakar iska a cikinsa, da ita yake daidaita tsayuwarsa a ruwa. Da aka gajarta jikin, jakar ta matsu, shi ya sa za ka ga mai ƙaton ciki yana yawo a kife bayan ya ci busasshen abinci. A hana shi abinci kwana biyu, daga nan a riƙa jiƙa masa kafin a zuba. Masu ido kamar balan-balan kuwa, a ganinmu an wuce gona da iri, domin ko tsinin dutse yana fasa musu ido.

Mai ƙyallin nan shi ne aka taɓa wa ƙwayar halitta. A 1999, Zhiyuan Gong da abokan aikinsa a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka ɗauki ƙwayar gadon da ke sa wata halittar teku mai kama da lema yin koren haske, suka saka ta da siririyar allura cikin ƙwan wani ɗan kifi mai zanen jakin dawa, tun ƙwan bai fara rarrabuwa ba. Niyyarsu kifin ya zama mai nuna gurɓatar ruwa. 'Yan kasuwa suka hango wani abu dabam: a ƙarshen 2003 wani kamfani a jihar Texas ta Amurka ya fara sayar da shi da sunan GloFish, kuma jan nasa daga murjanin teku aka samo shi. Ƙwan farko kaɗai aka yi wa allura, sauran duk gado ne. Tarayyar Turai ba ta yarda a sayar da shi ba.

Fentin ma akwai shi, kuma shi ne mafi muni. Ana ɗirka wa kifi mai garai-garai rini a ƙarƙashin fata. Da yawa suna mutuwa, waɗanda suka rayu launin ya koɗe cikin watanni. Duba da kyau kafin ka biya: rini yana zama layi-layi a gadon baya ko gefen ciki kamar an ja da alƙalami, launin gado kuwa yana game jiki.

Tambaya: Na sayi ƙananan kifayen adon nan da ake kira gufi, masu shuɗiyar wutsiya, amma 'ya'yan sun fito kowa da launinsa. Yaya zan tsayar da shuɗin? (Wata mai karatu daga Yantala, Yamai)

Amsa: Hajiya, kusan tabbas matan sun zo miki da cikin wani namijin. Macen gufi ba ta saka ƙwai, haihuwa take yi, kuma tana ajiye maniyyin namiji a jikinta tsawon watanni, ta haihu sau da yawa daga haɗuwa ɗaya. Saboda haka mijin da kike gani a kwalba ba lalle shi ne uban ba.

Ki tanadi mazubi uku, kowane mai cin lita 20 zuwa 40. Da ta haihu ki ɗauke uwar, domin tana cinye 'ya'yanta. Suna kai mako uku zuwa huɗu ki raba su: mace tana da baƙin tabo a ƙarshen ciki, namiji kuma fiffikensa na ƙasa yana tsukewa ya zama kamar tsinke. Nan ne yawancin masu kiwo suke faɗuwa, domin namiji ɗaya da ya sulale cikin mata ya ɓata aikin wata uku. In sun kai wata uku ko huɗu, ki zaɓi namijin da ya fi shuɗi da miƙaƙƙen baya, ki ba shi mata biyu da namiji bai taɓa kusanta ba. Ciki yana ɗaukar kwana 21 zuwa 30. Haka za ki maimaita zuriya bayan zuriya.

Auren gida kuma in ya yi yawa yana fito da lanƙwasasshen baya da ƙarancin haihuwa. Maganinsa ki riƙe layi biyu na shuɗin a rabe, ki haɗa su bayan zuriya uku ko huɗu.

Zafin Yamai na Afrilu da Mayu shi ne babban abokin gaba. Gufi yana son digiri 24 zuwa 28, kuma ruwa in ya wuce 30 iskar da ke cikinsa tana raguwa, sai ki gan su a sama suna haki. Ki kawar da mazubin daga taga, ki sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, kada ki jefa ƙanƙara, domin sanyin bagatatan yana kashe su. Duk mako ki sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ruwan famfon da ya kwana a bokiti a buɗe don maganin da ke cikinsa ya fita.

Tambaya: Kifayena na zinariya sun yi ƙwai, 'ya'yan duk sun fito baƙi-baƙi. In zuba su a tafki? (Daga Tawa)

Amsa: Kada ka yi garaje, Malam. Duk ɗan kifin zinariya da duhun launin kakanninsa yake fara rayuwa. Ja yana fitowa daga wata biyu zuwa shekara, wasu kuma ba sa juyawa har abada, kuma da yawa cikin 'ya'yan masu wutsiya biyu wutsiyarsu ba ta fita daidai. Masu kiwo kaɗan suke riƙewa daga kowace ƙyanƙyasa.

Zubawa a tafki kuwa a'a, ko Tabalak ko kogin Kwara. Kifin zinariya a sake yana girma ya wuce taƙi, yana tona laka yana cin ƙwan wasu kifaye. A Brazil, binciken da aka fitar a 2022 ya samu masu ƙyallin nan da suka kuɓuce daga gonakin kifi suna rayuwa a rafukan jihar Minas Gerais. Waɗanda ba ka so, ka ba wani mai kiwo ko ka mayar wa mai sayarwa.