Ki fara da bishiya ɗaya, 'yar'uwa

Assalamu alaikum. Na ga tambayarki cewa yaranki sun tashi a cikin gari, daga waya sai talabijin, ko tsamiya ba sa iya bambantawa da ɗorawa, kina neman ta inda za ki ɓullo wa lamarin. Ta taɓa min zuciya, don ni ma na kwana da wannan damuwar.

Da farko na zaci sai an yi tafiya ta musamman. Na kai nawa gidan zu, suka ga zaki da jimina, suka yi ta ihu, amma ko mako ba a rufa ba maganar ta bi ruwa. Abin da ya kama su daga baya wani gawo ne da ke bakin gonar kakansu.

Mun je a watan Agusta, damina ta yi tsakiya, ko'ina kore shar, shi kuwa gawon ba ganye ko ɗaya sai ƙaya. Autata ta ce, "Umma, wannan bishiyar ta mutu." Na danne bakina, na ce mu bari mu gani. Da muka koma a Disamba hunturu ya busar da komai, an girbe gero, sai ga gawo ya yi lif da ganye shi kaɗai a fili. Yarinyar nan ta riƙe baki ta kasa tafiya. Kakanta ne ya warware mata: shi ya sa manomi ba ya sare gawo. Da damina ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma awaki su sha inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar wa gona kashinsu. Da na ba ta amsa tun ranar farko, da tuni ta manta. Jiran wata 4 ɗin nan shi ya dasa mata abin a rai.

Daga nan muka buɗe ɗan littafi. Ranar da aka fara ganin shamuwa a ƙarshen bazara, a rubuta. Ranar ruwan fari, a rubuta. Daren da shinge suka cika ƙwan lantarki, a rubuta. Yanzu har gardama suke yi kan wanda ya riga ganin shamuwa bana.

Ko ba ku da ƙauyen zuwa, akwai darbejiya a layinku, akwai kurciya da hankaka. Ki sayo kurna, magarya da goruba a kasuwa, su ci, sannan ku nemi uwar kowacce. Ki ba kowa gwangwani ya shuka wake ya riƙa ba shi ruwa da kansa. In an ɗauke wuta da dare lokacin sanyi, ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki nuna musu taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta a sama. Don Allah ki kira musu komai da sunansa na Hausa. Yana min ciwo in ji yaro ya san sunayen dabbobin katun amma bai san balbela ba.

Abu biyu nake tsananta wa nawa: ba a ɗaga dutse ko sa hannu a rami saboda kunama da maciji, kuma ba a harbin sheƙar tsuntsu da danƙo. Babban ɗana ya fi kowa wahalar rabuwa da danƙon nan, sai da ya ga 'ya'yan kurciya biyu a sheƙa suna buɗe baki sannan ya ajiye shi da kansa.