Filin Tambaya da Amsa: Majigi a Ƙofar Gidan Dagaci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa ta wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gaya. Mun yi karo-karo mun sayi na'urar haska fim, kuma niyyarmu ita ce idan an gama girbi mu riƙa gayyatar mutum ɗaya daga cikin sanannun garin duk bayan mako biyu, ya zaɓi fim ɗin da ya fi ƙauna, a kalla tare, sannan ya faɗa wa jama'a dalilin zaɓinsa. Da muka kai maganar gaban dattawa, sai wasu suka ce sinima za mu kawo musu gari. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina kyautata zaton tun daga sunan da kuka ba abin kuka fara samun cikas, domin a kunnen dattijon ƙasar Kano sinima daban, majigi daban, kuma bambancin ya samo asali ne daga tarihin da wasunsu suka gani da idonsu. Sinima ta shigo Kano a matsayin kasuwanci, aka buɗe Rex a 1937 a wajen ganuwa, wurin da ake biyan kuɗi a shiga cikin duhu a cakuɗu da wanda ba a san asalinsa ba. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya a 1951 ta halaka mutum 331, mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin fushin Allah, kuma wannan kallon bai gushe daga zukata ba har yau. Majigi kuwa ta hannun hukuma ya zo. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, motocin ma'aikatar watsa labarai suka riƙa zagaya garuruwa suna kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, suna nuna yadda ake rigakafi da tsabtace rijiya da noman auduga da gyaɗa, ba a karɓar ko anini, kuma mai gari yana zaune a kan kujerarsa. Saboda haka idan kun koma wurin dattawa, ku ce musu majigi kuke son farfaɗowa, kuma a ƙofar gidan dagaci kuke roƙon a ba ku wuri. Kada ku je ku kaɗai. Ku fara da mai unguwarku, shi ya yi muku jagora, domin da ɗan gari akan ci gari.

Akwai wani abu game da majigin zamanin da wanda matasa ba su sani ba, alhali shi ne ƙashin bayan shirinku. Majigi bai taɓa zama kallo zalla ba, kullum da mai magana a gefe. Ni na riski ƙarshen zamanin ina yaro, kuma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne muryar mai sharhin da ke riƙe da abin magana a jikin mota, yana fassara abin da ke gudana, yana tsokanar wanda ya yi wauta a cikin hoton, har ya kan kira sunan wani a cikin 'yan kallo ya ce ga irin halinsa nan, wuri ya kaure da dariya. Hotunan kuwa yawancinsu sun ɓace mini. A yau da kowane saurayi ke da finafinai cike da waya, babu wanda zai bar shimfiɗarsa cikin sanyin hunturu domin fim kawai. Abin da zai fito da shi shi ne jin cewa tsohon hedimasta, wanda ya zane shi a aji huɗu, zai tsaya gaban jama'a ya bayyana fim ɗin da ya taɓa sa shi hawaye.

Don haka ku fi ba da ƙarfi wajen zaɓen mutum fiye da zaɓen fim, kuma a nan ne nake jin tsoron za ku yi kuskure. Idan aka ce sanannun gari, hankali yakan tafi ga masu sarauta da masu kuɗi da kansila. Mai rawani kuwa da wuya ya zaɓi abin da yake so da gaske, zai zaɓi abin da yake ganin ya dace da rawaninsa ne, jawabinsa kuma ya rikiɗe ya zama nasiha, wadda jama'a sun riga sun ji irinta a wurin ɗaurin aure da suna. Ɗan siyasa kuma kowane fim kuka ba shi, sai ya gano jam'iyyarsa a ciki. Ku nemi tsohon direban da ya shekara ashirin yana ɗaukar shanu daga kasuwar Wudil zuwa Kudu, wanda ya kalli finafinan Indiya a garuruwa goma ba tare da ya ji kalma ɗaya ta harshensu ba, amma zai ba ku labarin tiryan-tiryan. Ku nemi tsohon soja, da sarkin noma, da malamin asibiti, da telan da ya yi zaman Fage. Idan hedimastan nan ya zaɓi Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, to ku bar shi ya faɗi yadda ya karantar da littafin a aji, da abin da kakarsa ta ba shi labari game da zamanin bauta, domin a nan ne za ku ga tsofaffin da suka zo da niyyar yin shiru sun fara karɓe zancen daga bakinsa.

Sai dai dattijo idan ya riƙe abin magana ba ya son saki, kuma ba ku da fuskar da za ku katse shi. Dabarar ita ce ku ɗora jagorancin zaman a kan wanda al'ada ta ba shi damar wasa da baƙon, wato jikansa ko taubashinsa, wanda zai iya cewa tsoho ya isa haka kowa ya yi dariya ba tare da an ji ciwo ba. Minti goma kafin a fara sun wadatar, sai rabin sa'a bayan an gama, kuma fim ɗin da ya kai sa'a uku a raba shi dare biyu.

Game da liman, ban ba ku shawarar ku nemi ya zaɓi fim ba, domin za ku sa shi a tsaka mai wuya. Ku roƙe shi ya wakilta mutum ɗaya da zai zauna da ku ku kalli kowane fim tun daga farko har ƙarshe kafin ranar nunawa, kuma kada a kunna na'ura sai an idar da sallar isha'i.

Sauran kuma aikin hannu ne. Farin wata yana kashe hasken majigi, saboda haka ku sa ranakunku daga wajen ashirin ga wata zuwa farkon sabo, lokacin da dare ke da duhu bayan isha'i. Iskar hunturu tana kaɗa ƙyalle, bangon aji da aka shafa wa farar ƙasa ya fi shi. Ku ajiye janareta nesa da jama'a da doguwar waya saboda ƙara da hayaƙi, kuma idan kuɗi ya rage ku sa shi a lasifika mai kyau, domin mutane za su haƙura da hoto mai dishi-dishi amma ba za su zauna ga maganar da ba sa ji ba.

Tambaya: Malam, ina koyarwa a makarantar matan aure a wani gari kusa da Ringim. Samarin garinmu suna nuna fim a dandali, amma mazajenmu ba za su bar mu mu fita da dare ba, ko da an ce an ware mana wuri a baya. Shin mu ba mu da rabo ke nan?

Amsa: Malama, kuna da rabo, kuma ni ban ga amfanin ku yi ta neman gurbi a bayan maza ba, inda ba za ku ji sosai ba, balle wata ta ɗaga murya ta yi magana. Ku shirya naku da rana, a ajin da kuke karatu ko a cikin gidan dagaci idan uwargidansa ta amince, ranar Alhamis da hantsi lokacin da babu makaranta kuma ba a ɗora girkin rana ba. A cikin ɗaki talabijin mai ɗan faɗi ta isa, in kuwa majigin samarin za ku ara, sai a rufe tagogi da tabarmi, a kuma koya wa ɗaya daga cikin ɗalibanki kunna shi domin kada a buƙaci namiji a wurin. Masu zaɓen fim kuwa ba za ku rasa ba: ga ungozoma, ga uwar adashi, ga tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya goma. Mata sun fi maza kallon finafinan Hausa nesa ba kusa ba, kuma yawancin labaran a kan zaman aure da kishi da uwar miji suke, abubuwan da mazan dandali ke kallo daga waje ku kuwa a ciki kuke. Abu ɗaya za ki kula da shi, kada sharhin fim ya koma habaici tsakanin kishiyoyin da ke zaune a tabarma ɗaya, saboda haka ki kafa sharaɗi tun farko cewa sunayen mutanen cikin fim kaɗai za a ambata.

Tambaya: Daga Dambatta nake. Idan na sayi fim a wurin masu turawa a waya, ina da ikon nuna shi ga jama'a in karɓi kuɗin shiga?

Amsa: Ba ka da shi, ɗan'uwa. Ko kwafin halal ka saya, abin da ka biya shi ne kallo a gidanka. Nuna shi ga taron jama'a haƙƙin mai fim ne a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sai da izininsa. Idan kuma ka fara karɓar kuɗi a ƙofa, wurinka ya zama gidan kallo, kuma a Jihar Kano gidajen kallo suna ƙarƙashin Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, sai ka yi rajista da ita. Idan ba kasuwanci kake nufi ba, ka bar ƙofa a buɗe, masu hali su haɗa kuɗin mai, sannan ka rubuta wa mai fim ɗin takarda ka nemi izini. Ofisoshin yawancinsu suna Titin Gidan Zoo a Kano, kuma idan ka je kai takardar, ka gayyace shi ya zo Dambatta ya zama shi ne mai sharhin wannan daren.