Amsa ga mai tambayar famfon canza ruwan tankin kifi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tankinka mai ƙafa huɗu ne, jigilar bokiti ta fara taɓa maka baya, mai shago kuma ya nace ka ɗauki famfon da aka rubuta lita 3000 a awa a kwalinsa. Wallahi na san wannan wahalar ciki da waje, shi ya sa na kasa wucewa. Don Allah kada ka ba da kuɗinka tukuna.

Wannan babbar lambar da yake nuna maka ruwan da famfon ke turawa ne idan ba hawa zai yi ba. Juya kwalin, za ka ga wata ƙaramar lamba da mita a gefenta, galibi an rubuta H max. Ita ce iyakar tsayin da zai iya ɗaga ruwa, kuma a daidai wannan tsayin ko ɗigo ba ya fita. Daga gindin duron da ka tara sabon ruwa a ƙasa zuwa bakin tankin da ke kan teburinsa za ka samu mita 1.2 zuwa 1.4. Ka ga ke nan famfo mai H max ta mita 1 ƙugi kawai zai yi maka. Nemi mai mita 2 zuwa 2.5, lita 1000 zuwa 1500 a awa, wanda ake tsomawa cikin ruwa, wutarsa ba ta cika wuce wat 25 ba. Abin da ke ƙona mini rai da wasu masu shagon nan shi ne sun san wannan sarai, amma babbar lamba ce ke kawo ciniki. Ba za su gwada maka ba, in ka koma da ƙorafi su ce kayan wuta in ya fita ba ya dawowa. Ka ce a kawo bokitin ruwa a jona shi a gabanka, ka ɗaga tiyo zuwa ƙirjinka ka ga abin da ke fita da idonka. In ya ƙi, yi gaba, shaguna ba su ƙare ba.

Yi lissafin da kanka. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, ka raba da 1000: 120 da 45 da 45 ya ba ka lita 243, in ka cire tsakuwa da sararin sama ya rage wajen 200. Kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa duk mako, wato lita 50, jarka biyu ta 'yan ga-ruwa. Famfon da na faɗa zai zuba maka su cikin minti biyar zuwa shida. Mai 3000 ɗin kuwa zai tone tsakuwa, ya tumɓuke tsirrai, ya riƙa buga kifi da gilas. Sumo na rijiyar burtsatse ko injin rabin doki da muke tura ruwa sama da shi, kada ma ka kawo su kusa.

Wajen kwashewa ni ban ga amfanin famfo ba. Dattin yana kwance cikin tsakuwa, famfo kuma ruwan sama mai kyau zai janye ya bar maka kashin kifi da ragowar abinci a ƙasa, ko ya haɗiyi yashi farfelarsa ta cinye, ko ya zuƙe 'ya'yan kifi. Samu tiyo mai faɗin milimita 16 da bututun zuƙar tsakuwa, ka miƙa ɗaya bakin zuwa tsakar gida. Muddin bakin waje ya fi tankin ƙasa, ruwa zai tafi da kansa, ko da wuta ko babu. Ruwan ma kada ya tafi kwata, ka ba zogale ko shukokin gida, taki ne. In tilas sai da famfo, ka sa soso a bakin da yake zuƙa.

Yanzu abin da na fi so ka ji. Lokacin cikawa, kada bakin tiyo ya nutse cikin ruwan tanki. Da zarar an ɗauke wuta famfo ya tsaya, tiyon nan da ke cike da ruwa sai ya juya aiki, ya fara janyo ruwan tanki yana mayarwa duro, shiru, ba ƙara ba motsi. Ba zai tsaya ba sai ruwa ya sauka daidai bakinsa, in kuwa ka zura shi har ƙasa to tankin duka ya tafi. Duro ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ƙarƙashin kafet ya nufi soket. Ka shigo ka tarar da kifin da ka raina tun suna kamar ƙwayar shinkafa a kwance kan tsakuwa suna buɗe baki, hita a waje ba ruwa, wuta ta dawo ta yi zafi ta tsage. Ba na fatan ko maƙiyina ya ga wannan. Duk kuma saboda tiyo ya shiga ruwa da ɗan taƙi ɗaya! Ka maƙale shi a bakin gilas, sama da inda ruwa zai tsaya, ka sa faranti a ƙasa ruwan ya riƙa sauka a kai. Kuma kada ka fita ka bar shi yana aiki, ko kiran waya ne, domin in duro ya ƙare famfon na juyawa ba ruwa, ƙonewa zai yi. Ruwan ne ke sanyaya shi.

Ka kashe hita da filta kafin ka fara rage ruwa, ka cire filogi kafin hannunka ya shiga. Wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Duba kuma a jikin famfon a rubuce yake bolt 220 zuwa 240, don kayan gwanjo na Amurka 110 ne, jonawa ɗaya ya ƙone. Mai sola a gida ya fi kowa hutawa: akwai ƙananan famfo masu aiki da batir mai bolt 12, ba ruwansu da ɗaukewar wuta.

Ruwan da za ka zuba ma magana ce. Na famfon gari da ke zuwa mana daga madatsar ruwa ta Ajiwa a jihar Katsina ana sa masa kilorin, ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen duro ko ka sa maganin kashe kilorin. Na burtsatse ka bar yashinsa ya kwanta, ka ɗora famfon kan bulo a cikin duron. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur, sabulu ko maganin feshi bai dace ba ko an wanke shi sau goma. Sai zafi: a watan Afrilu da Mayu ruwan baƙin tankin sama yana fitowa kamar an dafa, a hunturu kuma da asuba kamar ƙanƙara. Yawancin kifin ado maki 24 zuwa 28 suke so a ma'aunin zafi na Celsius, kada tazarar sabon ruwa da na tanki ta wuce maki biyu. Duron ya kwana a ɗakin da tankin yake, ya fi sauƙi.

Auna daga ƙasa zuwa bakin tankinka, ka ɗauko hoton bayan kwalin ka turo mana nan kafin ka biya.