Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan wasan kwaikwayo da auren wuri

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka ce ku ƴan fada ɗaya ne, wato majalisar hira ta matasa, a unguwar Garin Malam ta Damagaram, kuna son shirya wasan kwaikwayo kan cire ƴan mata daga lakwal (makarantar boko) a yi masu aure, amma wasu cikinku na cewa ɓata lokaci ne, mutane za su yi dariya su watse. Kana tambaya ko wasa na gyara wani abu, kuma ta ina za ku fara.

Yana gyarawa, kuma Damagaram ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Wasan Kara namu ne, inda matasa ke shigar sarki da gwamna da sauran manya su kwaikwaye su a bainar jama'a. Tashe ma haka, yara na fitowa cikin azumi suna taɓa halin marowaci da malalaci ba wanda ya ce masu kanzil. Zamanin ƙungiyoyin matasa na Samariya, lokacin shugaban ƙasa Seyni Kountché, wasan kwaikwayon Hausa ya yi tashe ƙwarai a rediyo da bikin matasa na ƙasa. Amfanin ɗan wasa ke nan tun asali: maganar da yarinya ba za ta iya faɗa wa mahaifinta a tsakar gida ba, shi yana iya fito da ita fili ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Sai dai abokanka ma suna da gaskiya, don yawancin wasannin faɗakarwa wa'azi ne da aka sa wa riga, kuma mutane sun gaji da su.

Kada ku fara da rubutu. Ku ɗauki sati biyu kuna sauraro. Ku zauna da mutum goma sha biyar zuwa ashirin: iyaye maza, uwaye, gwaggo ko kaka (sau da yawa su ne ke matsa lamba, ba uban ba), ungozoma, malamin lakwal, liman, da ƴan matan kansu. Ƴan matan mace ce za ta je wurinsu, ba ku ba. Tambayar da za ku riƙa yi ita ce “me ya sa?”, ban da gardama. Za ku ji uba ya ce yana tsoron ta ɗauko masa abin kunya, ko kwalejin ya yi nisa kuma ba shi da gidan da zai ajiye ta a birni, ko an kore ta daga aji ta zauna ba aiki sai talla, ko ya ga masu takardar birbe da bak, ta gama kwaleji da sakandare, suna zaman kashe wando. Waɗannan maganganu ku rubuta su yadda aka faɗe su, su ne jarinku. Sannan ku gauraya labari uku ko huɗu su zama ɗaya, ku sauya suna da sana'a da unguwa. Garin nan kowa ya san kowa. Idan ƴan kallo suka gane gidan wane ake nufi, kun tona asiri, kuma yarinyar gidan ce za ta sha wuyar abin.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen uban. Ana fito da shi jahili mai kwaɗayin sadaki, yana zare ido yana daka tsawa. Duk dattijon da ke zaune a wurin zai ce a ransa ai wannan ba ni ba ne, shi ke nan wasa ya wuce ta gefensa. Ku ba uban ɗan wasanku mafi iyawa, ku sa masa hujjoji mafi ƙarfi a baki. Ya zama mutum mai son ƴarsa, wanda zai zauna bakin zaure da dare yana lissafin buhun hatsin da ya rage, ya ce wa matarsa a hankali: “In na bar ta, wa zai tsare mini ita?” Idan iyaye maza suka fara gyaɗa kai, kun kama su. Ita ma yarinyar kada ta zama mai kuka daga farko har ƙarshe. Ta yi dabara, ta je wurin kawu, ta roƙi malaminta ya sa baki, a ga tana ƙoƙari ana rufe mata ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Ƴan wasa shida zuwa takwas sun isa, fitowa huɗu, minti ashirin da biyar zuwa talatin. Kuma kada ku warware matsalar. Ku tsaya daidai daren da aka kawo goro za a sa rana. A nan mai jan ragama zai shigo tsakiya ya tambayi jama'a: wa ke da abin da zai yi a madadin uwar nan, ko kawun nan? Wanda ya ɗaga hannu ba bayani zai yi daga inda yake ba, a ɗora masa mayafin uwar ko hular kawun ya shigo ya gwada, ɗan wasan da ke uba kuma ya ci gaba da kare matsayinsa. Wannan salo Augusto Boal na ƙasar Burazil ne ya tsara shi a shekarun 1970, kuma ya dace da mu don mun saba da a zauna a yi shawara. Ka'ida biyu ce. Ba a maye gurbin uban a mayar da shi mai sauƙin kai nan take, don a rayuwa ba haka ake ba. Kuma ba a karɓar mafita ta sama ta ka, irin wani attajiri ya ɓullo ya biya kuɗin komai. Mutum uku ko huɗu su gwada, minti arba'in ya wadatar. Mai jan ragama ya zama mai haƙuri wanda ba ya yanke hukunci, ya kuma riƙa kai makirfo ɓangaren mata da gangan, in ba haka ba maza uku ne za su cinye lokacin.

Dariya dole ce, amma a lura da wanda ake yi wa. A yi wa ɗan aiken mai neman aure, ko maƙwabciya mai gulma. Ranar da aka yi wa yarinyar dariya, an ƙara mata zalunci ne. Kusan kowace ƙungiya tana da ɗan barkwanci mai son ƙara magana idan ya ji an tafa, sai a kafa masa iyaka tun wurin gwaji. Haka kuma ni ban goyi bayan a fito da mai yoyon fitsari don a tsorata mutane ba. Akwai yiwuwar mai ciwon tana zaune cikin taron.

Batun addini, kada ku sa aya ko hadisi a bakin ɗan wasa. Ku kai wa malamin da unguwa ke girmamawa labarin tun kafin gwaji, ku gayyace shi, in magana ta kai can shi zai amsa. Doka kuwa ku san ta daidai: kundin dokar farar hula ya sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma yawancin aure bisa al'ada da addini ake ɗaurawa. Akwai kuma dokar gwamnati ta Disamba 2017 da ke kare karatun ƴa mace. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana masu aure kafin shekara 18. Ku riƙe wannan a kanku, amma kada ku karanta shi a fage, ba wanda lissafi ya taɓa sa ya fasa sa rana.

Izini ku fara da mai unguwa, da ƙafa, sannan takarda zuwa hukumar gari. Ƴan matan da za su fito a wasa a nemi yardar iyayensu ido da ido. Lokaci mafi kyau bayan la'asar ne, a tashi kafin kiran magariba. Ku guji Alhamis saboda ranar ce babbar kasuwar Dole ke ci, ku guji damina don mutane na gona. Cikin hunturu iska na kwashe murya, sai ku jingina fagen da bango. Lasifika ɗaya da makirfo biyu sun isa, da batir cike don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da ku. A shimfiɗa tabarmi, mata gefe, maza gefe, a ware mutum biyu su tsare yara, don su ne ke cika gaba su hana manya gani.

Waya ita ce sabuwar matsala. A sanar tun farko cewa kashin farko, wato wasan kansa, ana iya ɗauka, na biyu da jama'a ke shigowa su gwada ba a ɗauka. Matar da ta tashi ta faɗi cikinta, gobe ta ga kanta a WhatsApp, ba za ta sake ba, kuma tana iya samun matsala da mijinta. Ku ma ku kiyaye ambaton sunan wani a abin da za ku ɗora, don dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna.

Idan wata ƙungiya ta ba ku tallafi, ku karɓa, ku biya ƴan wasa haƙƙinsu, amma ku yi sharaɗi cewa rubutun naku ne. Da zarar an cusa maku kalmomin ofis, jama'a na gane wasan kuɗin baƙi ne.

Kafin ranar ku tabbata akwai wanda zai karɓi maganar idan an tashi: daraktan lakwal, kwamitin iyayen yara, ƙungiyar uwaye, da wata dattijuwa da yarinya za ta iya zuwa wurinta a ɓoye. Mai jan ragama ya nuna su da hannu kafin a watse. Bayan sati uku ku koma unguwar ku sake yin wasan da gyaran da jama'a suka kawo. A ƙarshen zangon karatu kuma ku roƙi darakta ya duba maku rajista, a ga ƴan mata nawa ne suka rage a aji shida da ajin farko na kwaleji, don nan ne aka fi cire su.