Amsa ga mai tambaya kan ciniki ta wayar hannu da abubuwan da ke riƙe da shi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya me ya sa kamfanoni da 'yan kasuwa suke ta komawa saye da sayarwa ta wayar hannu, da kuma abubuwan da ake buƙata kafin harkar ta tsaya da ƙafafunta, sannan ka ƙara da cewa ko ya dace ka fara da gina manhaja taka ta kanka. Na daɗe ina aikin haɗa wa 'yan kasuwa irin wannan tsari, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Babban dalilin shi ne mai saye ya riga ɗan kasuwa komawa kan waya. Tun da aka fito da iPhone a 2007, wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suka biyo baya, mutane da yawa a duniya suka fara shiga intanet ta waya ba tare da sun taɓa mallakar kwamfuta ba. A 2015 kamfanin Google ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya idan aka yi bincike ta waya, wanda hakan ya tilasta wa kamfanoni da dama gyara shafukansu ko suna so ko ba sa so. Akwai kuma dalilan da kowa ya sani, kamar rage kuɗin haya da samun ciniki dare da rana. Amma wanda na fi ba wa muhimmanci, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne cewa kowane ciniki da aka yi ta waya yana barin sawu. Ɗan kasuwa zai san abin da ya fi fita, da lokacin da yake fita, da wanda ya dawo ya sake saye, kuma wannan lissafin ne yake nunawa idan ya je neman jari ko abokin haɗin gwiwa.

Idan ka duba wuraren da harkar ta bunƙasa sosai, za ka ga hanyar biyan kuɗi ce ta fara gyaruwa kafin ciniki ya biyo. A Kenya, kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, a 2007, yana aiki a ƙananan wayoyi marasa intanet, tare da wakilai masu karɓar tsabar kuɗi su mayar da ita cikin waya. A ƙasar Sin, Alipay da WeChat Pay sun dogara da lambar QR, wato ɗan zanen da ake haskawa da kyamarar waya a biya kuɗi, wadda ba ta buƙatar na'ura mai tsada, takarda ce kawai za a buga a liƙa. Indiya ta kawo tsarin UPI a 2016, Brazil kuma ta kawo Pix a 2020 ta hannun babban bankinta. Duk waɗannan sun sa tura kuɗi ya zama abu na 'yan daƙiƙoƙi.

Game da hanyar sadarwa ba zan tsawaita ba, domin ba a hannunka take ba. Turakun sadarwa, da wayoyin intanet da aka binne a ƙasa da ƙarƙashin teku, da wutar da ke kunna su, duk aikin kamfanonin sadarwa ne da gwamnatoci. An fara 4G a 2009, 5G kuma a 2019, amma kada wannan ya ruɗe ka, domin mai sayenka yana iya kasancewa a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, da tsohuwar waya, da data da yake tattalinta. Abin da ke hannunka shi ne ka rage nauyin hotuna, ka rage yawan shafukan da zai bi kafin ya biya, kuma ka gwada shafinka a waya mafi rauni da za ka iya samu.

Inda nake so ka tsaya ka fahimta da kyau shi ne abin da ke faruwa a lokacin da mai saye ya danna maɓallin biya. Saƙo zai tashi daga wayarsa zuwa sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, daga nan zuwa kamfanin da ke dillancin biyan kuɗi, daga nan zuwa bankinsa. Banki zai cire kuɗin, sannan saƙon tabbatarwa ya biyo hanyar ya dawo. Idan sabis ya yanke a tsakiyar wannan dawowar, mai saye zai ga saƙon banki cewa an cire masa kuɗi, kai kuma allonka yana nuna ba a biya ba. Sau da yawa sai ya sake dannawa, a cire masa sau biyu. Na taɓa zama da wani kamfani da ke cikin wannan hali, ma'aikatansa sun wuni suna duba hotunan rasit ɗaya bayan ɗaya da masu saye suka turo cikin fushi, alhali wasu daga cikin hotunan ma na bogi ne, an canja adadin kuɗi da kwanan wata. Maganin da muka yi bai da wani ƙyale-ƙyale. Kowace oda aka ba ta lambarta ta daban, ta yadda ko an danna sau uku ba za a caje ta fiye da sau ɗaya ba. Sabar kuma ita ce take tambayar kamfanin biyan kuɗi kai tsaye ko kuɗin ya shigo, ba a dogara da abin da wayar mai saye ta ce ba, balle hoton rasit. Sannan a ƙarshen kowace rana akwai mutum guda da aikinsa shi ne ya jera lissafin oda kusa da lissafin banki ya ga sun dace. Wannan aikin na ƙarshe yana da gundura, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi.

Haka abin yake a wajen lissafin kaya. Idan kana sayarwa a shago kuma kana sayarwa ta waya, dole rumbun bayanai ya zama guda ɗaya, in ba haka ba za ka sayar wa mutum biyu abu ɗaya da ya rage, ka koma kana ba da haƙuri kana mayar da kuɗi. Kai kaya ga mai saye shi ma sashe ne na tsarin, domin idan kaya suka makara ko suka iso a lalace, sunanka zai kama, ba na mai kai saƙon ba.

A ɓangaren tsaro, shawarata ita ce kada ka ajiye lambobin katin bankin mutane a wurinka ko kaɗan. Manyan kamfanonin kati sun kafa ƙa'idar kare bayanan kati mai suna PCI DSS tun 2004, kuma cika sharuɗɗanta aiki ne mai nauyi ga ƙaramin kamfani, saboda haka ka bar wa dillalin biyan kuɗi mai lasisi wannan ɗawainiyar. Ka kuma sani cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagin da na fi gani shi ne lambar sirri guda da ma'aikata da yawa suke amfani da ita, har da waɗanda suka bar aiki. Kowane ma'aikaci a ba shi tasa, a rufe ta ranar da ya tafi.

Batun manhaja kuwa, ni ban ga dalilin da zai sa ka fara da ita ba. Za ka gina ta Android, ka gina ta iPhone, ka riƙa sabunta su duk lokacin da tsarin wayoyin ya canja, sannan ka shawo kan mutane su sauke ta a wayoyin da suka riga suka cika. Idan abin da kake sayarwa na cikin waya ne, kamar darasi ko biyan kuɗin shiga, Apple da Google suna iya karɓar har kashi 30 cikin ɗari, ko da yake sun rage wa ƙananan kamfanoni zuwa kashi 15. Ka fara da shafi mara nauyi mai buɗewa a kowace waya, ka haɗa shi da WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, domin amsa tambayoyi, ka kuma zaɓi dillalin biyan kuɗin da zai faɗa maka a rubuce nawa yake cira da kwana nawa kuɗi ke yi kafin su shiga asusunka. Idan ka ga mutane suna dawowa suna saye a kai a kai, har suna ƙorafin sake rubuta adireshinsu kowane lokaci, to a sannan ne kuɗin gina manhaja zai iya biyan kansa.