Ta ina za a fara koyar da jagorancin wasanni a matakin masta?

Malam, ka ce an ba ka darasin shugabanci da tafiyar da harkokin wasanni ga ɗaliban masta a nan Yamai, kana tambayar ta ina za ka fara. Ni dai da kuɗi zan fara. Wanda ya fito daga INJS, makarantar ƙasa ta matasa da wasanni, ko ya daɗe yana buga ƙwallo ya san fili sarai, amma tsara kasafi, rubuta wa kamfani takardar neman tallafi, da kare abin da aka kashe gaban babban taron ƙungiya, nan ake yin tuntuɓe.

Daga nan ka ɗauko kokowa. Gasar takobi, wato gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta ishe ka darasin wata guda. Raba ɗaliban rukuni-rukuni, kowane ya tsara gasar tun daga tushe: masaukin ƴan kokowar jihohi takwas, alƙalai, makaɗa, tsaro, kuɗin shiga, da wanda zai tsaya ya yi magana in gardama ta kaure kan faɗuwa. Wannan na ƙarshen ne zai nuna maka mai jagoranci a cikinsu, kuma sau da yawa ba mai yawan surutun ba ne.

Kada ka tsallake doka. Su san iyakar ministan wasanni da ta FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, domin FIFA tana dakatar da ƙasa in gwamnati ta tsoma baki cikin hukumar ƙwallo.

In lokaci ya rage, kai su filin wasa na Seyni Kountché, su tambayi masu kula da shi nawa ruwa, wuta da ciyawa ke ci a shekara.