Yaran shago suna ta tafiya, me zan yi?

Alhaji, ka ce yaran da ka koya wa walda a Tahoua da hannunsu ya faɗa sai su kama hanyar Abijan ko Libiya ko haƙar zinari a Jado. To gaskiya abin akwai ciwo, kai ka sha wahalar koyarwa wani ya ci moriya, amma ka duba abin da kake ba su tukuna. Tun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata, shi ma ina zai kai mai iyali ga haya ga tsadar hatsi balle wanda ake ba kuɗin abinci kawai, yana ganin sa'o'insa sun dawo daga biɗa da babur sabo har sun yi aure.

Ni dai a ganina ka tsaida ranar biya kar ta motsa ko kasuwa ta yi sanyi, babba a cikinsu ka yanka mishi kaso a kowace ƙofa ko taga da ya haɗa, ka sa sunansu a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, saboda rauni wurin aiki. Ka saya musu gilashin ido dan Allah, yaro ya kwana idonsa na ruwa don wutar walda ba zai daɗe wajenka ba. Damina kuma ka bar su su je noma su dawo.